Daga Oslo Zuwa Bergen Da Jakar Goyo: Safarar Mai Ƙaramin Guzuri A Ƙasar Tsada

Ƙasar Norwe, wadda ke can ƙuryar arewa maso yammacin Turai, ta shahara da abu biyu waɗanda ba su jituwa: kyawun duwatsunta da mashigan tekunta, wanda ke jawo mutane daga kowace nahiya, da kuma tsananin tsadar rayuwa, wadda ke korar galibinsu tun ba su ƙoshi da kallo ba. Amma duk da haka, kowace shekara idan lokacin zafinsu ya kama, daga watan Yuni zuwa Agusta, babbar tashar jirgin ƙasa ta Oslo takan cika da samari da 'yan mata da ɗalibai, har da dattawa masu furfura, kowa da jakar goyonsa a baya, tanti a naɗe a samanta, gorar ruwa a rataye a gefe, suna jiran jirgin Bergen. Kuma waɗannan, ko da yake aljihunsu bai kama ƙafar na masu sauka a manyan otal ba, su ne a ganina suke cin moriyar ƙasar fiye da kowa.

Dalili kuwa shi ne, idan aka yi nazarin tsadar nan aka tsattsefe ta, sai a ga ba komai ta shafa ba. Tun da aka gano man fetur a filin Ekofisk na Tekun Arewa a 1969, arzikin wannan al'umma mai mutum kimanin miliyan biyar da rabi ya bunƙasa, albashi ya hau, saboda haka duk abin da sai hannun wani ya taɓa kafin ya iso gare ka, kamar dafaffen abinci da gyararren gado da motar haya, farashinsa na iya sa baƙo ya yi salati. Amma ƙasa da dutse da ruwan sha, da haƙƙin tafiya da kwana a daji, doka ta bar su a buɗe ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo, mawadaci da matalauci. Wanda ya iya dafa wa kansa, ya ɗauki kayansa da kansa, ya kuma yarda ƙafarsa ta yi aikin da kuɗi zai yi, to ya kuɓuta daga mafi yawan abin da ke talauta masu yawon buɗe ido.

Tattalin yakan fara tun daga tikiti. Kamfanin Vy, wanda har zuwa 2019 ake kiransa NSB, shi ke tafiyar da jirgin Oslo zuwa Bergen, kuma kuɗin kujera ɗaya yana sauyawa gwargwadon lokacin da aka saye ta: wanda ya yi sammako ya saya tun saura makonni yakan samu da rangwame mai yawa, bisa sharaɗin cewa idan ya fasa tafiya kuɗinsa sun tafi, wanda kuwa ya jira ranar tafiya sai ya biya ninki ko fiye. Masu niyyar ratsa ƙasashe da yawa sukan sayi takardar Interrail, wadda aka ƙirƙira a 1972 domin samarin Turai, ko kuwa 'yar'uwarta Eurail, wadda ita ce ta waɗanda ba mazauna nahiyar ba. Amma mai riƙe da ita ma sai ya kama kujera tun da wuri, domin a tsakiyar lokacin zafi jirgin yakan cika maƙil. Akwai kuma na dare, wanda masu ƙana'a ke so don yana rage musu kuɗin masauki, sai dai wanda ya ratsa wannan hanya yana barci a tafiyarsa ta farko ya yi asarar abin da ya zo nema.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan cewa arahar da ake magana a kanta araha ce a ma'aunin Turai. Wanda ya taso daga Afirka ta Yamma, kafin ma ya ga tashar Oslo, sai ya biya kuɗin jirgin sama, ya nemi bizar Schengen, wadda Norwe ke cikin yarjejeniyarta ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai, ya kuma nuna inshorar lafiya da shaidar abin da zai ci. Saboda haka wannan safara ta fi sauƙi ga ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a can, waɗanda galibinsu sukan shekara da shekaru tsakanin ɗakin karatu da wurin aiki ba su taɓa leƙa bayan gari ba.

Guzuri kuwa a Oslo ake haɗa shi. Unguwar Grønland, wadda ke daf da tashar, cike take da shagunan 'yan Pakistan da Somaliya da Turkiyya, inda ake samun naman halal da dabino da kayan lambu a farashi mai dama, kuma akwai masallatai a kewayenta. Sauran kaya sai a manyan kantunan rangwame irin su Kiwi da Rema 1000, tare da kiyaye cewa galibinsu a rufe suke ranar Lahadi. Abincin matafiyi a can sananne ne: burodi mai nauyi, da kifin gwangwani a cikin miyar tumatir, da garin alkamar turawa na kunun safe, da wani cuku mai ruwan ƙasa, mai ɗan zaƙi, wanda baƙo kan yi shakkarsa a cin farko daga baya ya saba. Musulmi ya riƙa duba rubutun jikin kaya, duk inda ya ga "svin" to alade ne. Ruwa ba a sayensa, domin na famfo garai yake. Kuma babu abin kunya a buɗe ƙunshin burodi a cikin jirgi, tun da mutanen ƙasar da kansu, daga ɗan makaranta har zuwa babban ma'aikaci, a kan al'adar ƙunso abincin rana daga gida suka tashi.

Tafiyar tana cin kusan awa bakwai a kan nisan da ya ɗan gaza kilomita 500, kuma a farkonta babu abin da zai sa mutum ya ajiye littafinsa: Drammen, Hønefoss, gonaki, tafkuna, dazuzzuka. Sai an shiga kwarin Hallingdal, an wuce Gol da Ål, jirgi yana hawa sannu a hankali ba tare da fasinja ya farga ba, sa'an nan daga Geilo al'amari ya fara sauyawa. Dogayen itatuwa su ja da baya, su bar wa waɗansu gajeru masu farin ɓawo, waɗannan ma su riƙa tsuguno suna karkacewa saboda iska har su ƙare ƙaf; bayan Ustaoset da Haugastøl sai ka ga babu komai sai dutse tsirara da gansakuka da tafkuna masu launin dalma, da farar dusar ƙanƙara a kwance cikin lunguna ko a watan Yuli. Nan ne gefen Hardangervidda, shimfiɗaɗɗen tudu mafi girma a arewacin Turai, mazaunin babban garken barewar arewa mai rassan ƙaho wadda ba ta da makiyayi. Wanda ya taso daga Oslo ya nemi kujerar hagu, domin ta nan ne zai hango Hardangerjøkulen, wata ƙatuwar hular ƙanƙara da ke zaune a kan dutse rani da damina.

Finse ita ce tasha mafi bisa a duk layin, mita 1,222 bisa doron teku. Wannan tsawo bai wuce na garin Jos da wani abin kirki ba, alhali a Jos ana noman dankali da kayan lambu, a Finse kuwa ko itace ɗaya ba ya tsayuwa, saboda kusancinta da ƙarshen duniya na arewa. Babu hanyar mota da ta iso nan. Sai jirgi, ko ƙafa, ko keke, ko takalmin sulɓi a kan ƙanƙara. Tsananin wurin ya sa masu shirin tafiya ƙarshen duniya suka mai da shi makaranta: a nan Ernest Shackleton ya gwada kayansa a 1914 kafin ya nufi Antaktika, a kan wannan tudu kuma Roald Amundsen, wanda daga baya ya riga kowa taka ƙarshen duniya na kudu a 1911, ya kusa halaka yana saurayi a 1896 sa'ad da ya yi ƙoƙarin ƙetare shi cikin hunturu. Masu sha'awar sinima kuwa sun san wurin ne don a nan aka ɗauki yaƙin ƙanƙara na fim ɗin Star Wars na biyu a 1979.

Ya kamata mai kallo ta taga ya tuna da waɗanda suka shimfiɗa dogon da yake tafiya a kai. Kafin a gina shi, mutumin Bergen da ke da buƙata a babban birni, wanda a lokacin ake kira Kristiania, sai ya kewaya ta teku ko ya kwana da yawa a kan doki, har ana cewa zuwa Ingila ya fi masa sauƙi. An buɗe sashen Bergen zuwa Voss a 1883, majalisa ta amince da ratsa tsaunin a 1894, sa'an nan dubban leburori, da yawansu 'yan Suwidin masu bin aiki duk inda ya ɓulla, suka hau dutsen da guduma da ƙarfen huda da nakiya, suna kwana a cikin bukkokin katako waɗanda dusar ƙanƙara kan binne, mata masu dafa abinci suna tare da su cikin wannan wahala. Ramin Gravhals kaɗai, mai tsawon mita 5,311, ya ci su shekaru, domin dutsen wurin mai taurin gaske ne. Ranar 27 ga Nuwamba 1909 Sarki Haakon na Bakwai ya buɗe layin, shekara huɗu bayan rabuwar Norwe da Suwidin, kuma ga sabuwar ƙasa, aikin ya kasance shaida ce cewa za ta iya haɗe gabashinta da yammacinta da hannunta. Ramukan layin sun kai wajen 180, an gama sa masa lantarki a 1964, kuma yaƙi da dusar ƙanƙara bai ƙare ba sai da aka yi ta gina rumfuna a kan dogo, daga ƙarshe a 1993 aka buɗe ramin Finse mai fiye da kilomita 10, wanda ya kawar da jirgi daga wurin da ya fi toshewa, ko da yake ya rage wa fasinja wani yanki na kallo.

Hanyar da leburorin nan suka fara sharewa don jigilar kayan aiki tana nan har yau, ana kiranta Rallarvegen, tana bin dogo daga Haugastøl ta Finse har ta gangara Flåm, kimanin kilomita 80, kuma tun 1974 ta zama hanyar masu keke. Bisa gare ta da makamantanta ne mai jakar goyo yake bambanta da sauran fasinja, domin su jirgi na tsayawa a Finse sai su fito su ɗauki hoto su koma, shi kuwa sai ya saɓa jakarsa ya bar jirgin ya tafi.

Abin da ya ba shi wannan ƙarfin hali wata tsohuwar al'ada ce da aka shigar cikin doka a 1957, wadda ta ba kowane mutum haƙƙin tafiya a duk ƙasar da ba noma ake yi a kanta ba kuma ba harabar gida ba ce, ko da kuwa tana da mai ita. Yana iya kafa tantinsa ba da neman izini ba, muddin ya nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150, bai kuma wuce kwana biyu a wuri guda ba, sai fa a can ƙuryar tsauni inda babu mutane, nan an sassauta iyakar kwanakin. Yana iya tsinkar 'ya'yan itatuwan daji, ya sha daga ƙorama, ya yi wanka a tafki in jikinsa zai ɗauki sanyin. Amma haƙƙin yana tafe da ladubbansa: kada a bar shara, a rufe ƙofar shinge bayan an wuce saboda tumaki, kada a firgita dabbobi, kuma daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji ko kusa da shi, don haka ɗan risho na gas ya zama tilas a cikin jaka.

Wanda ba ya son kwanan tanti kuma yana da mafita. Ƙungiyar matafiya ta ƙasar, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da ɗakunan kwana fiye da 500 a warwatse cikin tsaunuka, tsakanin kowane da na gabansa galibi tafiyar yini ce, kuma an yi wa hanyoyin alama da harafin T ja a jikin duwatsu. Waɗansu suna da ma'aikata da dafaffen abinci, kamar na Finse, waɗannan ba su da araha ƙwarai. Amma waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne marasa mai tsaro. Ɗan ƙungiya yakan karɓi mabuɗi guda wanda ke buɗe su duka, ya shiga ya iske gado da bargo da itacen wuta, a waɗansu har da ɗakin ajiya cike da abincin gwangwani, ya ci abin da ya ci, ya rubuta da hannunsa, ya biya, ya share ɗakin, ya tanadar wa mai zuwa bayansa itace, ya kulle ya tafi, ba wanda ya gan shi sai Mahaliccinsa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da babin amana, suna cewa ba a sanin mai ita sai inda babu shaida. To ga wata al'umma da ta gina tsarin masauki sukutum a kan zaton alheri ga baƙon da ba ta sani ba, tsarin kuma ya daɗe bai rushe ba. Lalle akwai masu ha'inci jefi-jefi, amma da sun yi yawa da tuni an sa kwaɗo na biyu.

Sai dai tsaunin ba ya wasa da kowa. Rana na iya fitowa da hantsi, kafin azahar hazo ya rufe har mutum ya kasa ganin alamar da ke gabansa, iska mai ruwa ta ratsa tufa. Kuma rigar auduga idan ta jiƙe sanyi take ƙarawa, shi ya sa mutanen ƙasar ba su yarda da komai ba sai ulu a jikin fata da rigar ruwa a sama. A hutun Ista na 1967 mutum 18 suka rasu a tsaunukan Norwe, abin da ya sa aka sake tsara ƙa'idodin tafiyar dutse aka yi ta koya wa yara, cikinsu har da cewa mutum ya sanar da wani inda ya nufa, ya kuma juya da wuri idan yanayi ya ɓaci ba tare da jin kunya ba. Inda tattali ke zama wauta shi ne a takalmi da jakar barci. A rage a ko'ina, ban da nan.

Akwai wata mas'ala da ke jiran musafiri Musulmi a wannan tudu, wadda littattafan jagorar matafiya ba su kula da ita ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ta kuma fito wajen ƙarfe huɗu, tsakanin nan kuwa shafaƙi ba ya ɓacewa, jan magariba yana nan a gefen sama har ya haɗe da hasken alfijir, ta yadda alamar shigar lokacin lisha ba ta tabbata. Mas'alar ba sabuwa ba ce. Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifa al-Muƙtadir ya aika cikin tawaga zuwa ƙasar Bulgar ta kogin Volga, ya isa can a 922 ya kuma ba da labarin gajartar darensu da yadda ladaninsu ke ƙaurace wa barci don tsoron kada asuba ta kuɓuce masa. Kuma Finse ta fi Bulgar kusa da arewa nesa ba kusa ba. Fukaha'u sun yi ijtihadi a kai, waɗansu suka ce a ƙaddara da lokacin gari mafi kusa inda shafaƙi ke ɓacewa, waɗansu suka ce a raba daren kashi-kashi, waɗansu kuma suka yi sauƙi da haɗa magariba da lisha; masallatan Oslo suna da jadawalin da suke bi, kuma ya fi kyau matafiyi ya karɓa kafin ya hau jirgi. Rangwamen ƙasaru dai yana hannunsa, alƙibla kuwa kudu maso gabas take.

Daga Finse jirgi yakan gangara zuwa Myrdal, wata 'yar tasha a maƙale tsakanin ramuka biyu, mita 866 bisa teku, inda reshen Flåm ya rabu. Wannan reshe kilomita 20 ne kacal, amma a cikinsu yake sauka daga wannan tsawo har bakin ruwan gishiri, a mafi yawan hanyar yana gangara mita ɗaya cikin kowace mita 18, ta cikin ramuka 20 waɗanda 18 daga cikinsu da hannu aka haƙa, ɗaya ma a cikin dutse yake juyawa ya fito ta ƙasan inda ya shiga. An fara aikin a farkon shekarun 1920, ba a buɗe shi ba sai 1940, ƙasar tana ƙarƙashin mamayar Jamus. Jirgin yakan tsaya 'yan mintoci a magangarar ruwa ta Kjosfossen domin fasinja su fito, a lokacin zafi kuma akan sa wata mace cikin jar riga ta yi rawa a kan dutse da sunan aljanar tatsuniyarsu, abin da a ganina ruwan bai buƙata ba.

Aikin injiniya ne abin yabo, amma shi ne wuri mafi tsada a duk tafiyar idan aka auna da nisansa, kuma takardar Interrail ko Eurail ba ta ɗauke kuɗinsa, rangwame kawai take jawowa. Mai jakar goyo da ƙafarsa ke da lafiya yana da wata dabara: ya sauka ta tsohuwar hanyar leburori, wadda ke gangarowa daga Myrdal cikin lanƙwasa 21, sa'an nan ta bi kogi ta cikin kwarin, ta gaban gonakin awaki da ƙananan magangaru da tsohon cocin katako na Flåm, tafiyar awa biyar ko shida kusan duk gangara. Abin da fasinja ya gani cikin ƙiftawar ido tsakanin rami da rami, shi yakan yini a cikinsa, bai kuma biya ko sisi ba.

A ƙarshen kwarin sai ga ruwa, shuɗi mai duhu, kwance tsakanin bangaye biyu na dutse. Wannan shi ne abin da suke kira fiyod, watau hannun teku da ya kutsa cikin ƙasa. Masana sun bayyana cewa a zamunan ƙanƙara, waɗanda na ƙarshensu ya wuce shekara wajen dubu goma da suka shige, tulin ƙanƙara mai kaurin gaske ya yi ta rarrafe daga tudu zuwa teku yana nuƙe tsofaffin kwaruruka har ya haƙe su ƙasa da doron teku, da ya narke sai ruwan gishiri ya biyo sawunsa ya cike gurbin. Flåm tana bakin Aurlandsfjord, reshen Sognefjord, wanda ya shiga cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa kuma a wani wuri ya haura mita 1,300, alhali a bakinsa wajen teku bai da zurfi sosai, domin a can ƙarfin ƙanƙarar ya ragu. Mai tafakkuri a kan ƙudura zai sami abin yi a nan: ruwan da ke ƙarƙashin kwalekwale ya kai zurfin da dutsen da ke samansa ya kai a tsawo.

Ƙauyen Flåm kansa mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma a ranar da ƙaton jirgin ruwan shaƙatawa ya yada zango, dubbai sukan sauko lokaci guda, su cika kantunan tsaraba, su hau jirgin ƙasa su sauko, kafin magariba an kwashe su. Hayaƙin waɗannan jirage yakan tsaya cik tsakanin duwatsun, har majalisar ƙasar ta yanke a 2018 cewa a fiyod ɗin da ke cikin jerin kayan gadon duniya sai jirage marasa hayaƙi, ko da yake daga baya an ɗaga wa manyan wa'adi zuwa 2032. Mai hankali ya kwana a filin tanti ko a ɗakin kwanan matasa, ya fito da sassafe kafin taron ya farka.

Idan akwai wuri guda da ya cancanci a kwance bakin jaka, to jirgin ruwan Flåm zuwa Gudvangen ne, tafiyar kamar awa biyu, wanda ke shiga Nærøyfjord, inda ruwan ke tsukewa har faɗinsa ya koma mita 250, duwatsu kuma suna tsaye sama da mita dubu dama da hagu. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2005 tare da Geirangerfjord. A hanya akan wuce Undredal, ƙauyen da awakinsa suka fi mutanensa yawa, a kuma hango gidajen gona a maƙale can bisa gaɓar dutse, ɗaya daga cikinsu ana ba da labarin cewa da tsani ake hawansa a dā, idan mai karɓar haraji ya doso sai a janye tsanin. Daga Gudvangen mota ke kai mutum Voss, daga can jirgi zuwa Bergen. Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da wannan zagaye duka a dunƙule, amma jiragen da motocin na kowa ne, kuma wanda ya yi haƙurin sayen kowane tikiti daban yakan sami ragi, ya kuma sami 'yancin tsayawa inda ya ga dama.

Bergen gari ne na ruwan sama, fiye da kwana 200 a shekara, saboda haka kada a naɗe rigar ruwa tukuna. Sarki Olav Kyrre ne ya kafa shi wajen 1070, kuma jerin gidajen katako na Bryggen da ke bakin tashar ruwa su ne ragowar unguwar fataken Jamus na ƙungiyar Hansa, waɗanda suka riƙe cinikin busasshen kifi a nan tun daga wajen 1360 har zuwa 1754, suna kawo hatsi suna kwasar kifi. Yawo a lungunansu kyauta ne, haka ma hawan dutsen Fløyen da ƙafa, ga wanda ba ya son biyan kuɗin jirgin igiya. A wannan gari ne kuma likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873, a zamanin da cutar ta addabi talakawan yammacin Norwe, kuma tsohon asibitin kutare na St. Jørgen yana nan an mai da shi gidan tarihi. Kasuwar kifi ta bakin ruwa kuwa a je a kalla, a sayi abinci a wani wuri.

Wanda guzurinsa bai ƙare ba yana iya komawa Oslo a jirgin dare ya nufi arewa. Daga Dombås reshen Rauma, mai kilomita 114, wanda aka buɗe a 1924, yana sauka Åndalsnes ta gindin Trollveggen, bangon dutse miƙaƙƙe mafi tsawo a Turai. Daga Trondheim kuma layin Nordland yana tafiya kilomita 729 zuwa Bodø, wajen awa goma, yana ƙetare da'irar Aktik a kan tudun Saltfjellet, inda a lokacin yaƙin duniya na biyu Jamusawa suka tilasta wa fursunonin yaƙi aikin dogon, da yawansu suka mutu a kai. Ba a kammala shi ba sai 1962. A Bodø dogo ya ƙare, sai jirgin fito zuwa tsibiran Lofoten, can ne kuwa asalin kifin da ya azurta Bergen. Har yau masunta suna rataye shi bibbiyu a kan manyan ragayun katako daga wajen Fabrairu, iska mai sanyi ta busar da shi ba gishiri ba hayaƙi, a sauke a farkon lokacin zafi. Mafi kyawunsa Italiya ake kai wa, kawunan kuwa da wani kaso na jikin akan danne su cikin buhuna a yi lodinsu zuwa Nijeriya, inda 'yan ƙabilar Ibo ke kiransa okporoko, ana kuma samunsa a kasuwannin Legas da Aba har da Sabon Garin Kano.